Layin da Oga Ya Goge

Ranar da na dawo daga hutun haihuwa na tarar an goge mini layi ɗaya.

Kamfaninmu na ƙera na'urar da ke lura da numfashin jarirai a asibiti. Ni ke riƙe da takardar linka, wadda ke raba wa kowane sashe na zuciyar manhajar mazauninsa a ƙwaƙwalwar na'urar. Layin da aka goge shi ke tilasta wa sashen bayanai ya fara a kan sabon shafi, ko da za a bar fili a banza. Ƙwaƙwalwa shafi-shafi ake kulle ta: shafin umarnin da na'urar ke bi a kulle yake zama, na bayanai a buɗe don a riƙa rubutu a kai. In umarni da bayanai suka haɗa shafi, sai dai a kulle duka ko a buɗe duka. Su sun buɗe duka.

"Wa ya taɓa mini wannan?"

Dogo, maƙwabcin teburina, ko ɗago kai bai yi ba. "Maman Baby, daga dawowa sai faɗa? Oga ne. Ya ce filin asara ne, ya cusa kiɗan kamfani mai tashi in an kunna."

Na sami Oga a ofishinsa, takardar fitar da kaya a gabansa, sa hannuna kawai take jira.

"Sati uku na'urar tana aiki a teburina, ko tari ba ta yi ba," in ji shi.

"Ranka ya daɗe, teburinka ba ya numfashi. Ran da kuskure ya yi rubutu a kan umarni, ba mutuwa za ta yi a gani ba. Fitila na nuna kore, ƙararrawa shiru, nas tana can wani gadon."

"Sau nawa? Ɗaya cikin dubu?"

"Dubu huɗu za mu aika."

"Haihuwar nan ta sa miki tsoro. Kin san akwai masu neman kujerarki."

"Su zo su sa hannu." Na tura masa biro. "Ko kai ka sa. Wurin injiniya ne, amma zai ɗauki sunanka."

Ya dubi biron kamar kunama. Na fito.

Na mayar da layina, kiɗan ya ƙi shiga.

"Ya yi wa ƙwaƙwalwar yawa da bayit ɗari shida," in ji Dogo.

"A yanke masa wutsiya."

"Ke za ki gaya wa Oga?"

"Zai ji da kunnensa."

Da la'asar takardar fitar da kayan ta iso teburina, wurin sa hannu fayau, ba saƙo. Na sake kunna na'urar, kiɗan ya tashi ba wutsiya, na tabbatar shafin umarni a kulle yake, sannan na sa hannu na tafi ɗauko ɗiyata.