Ɗorawar Gwaggo Batula

Ɗorawa uku ne a da a bakin gonar Gwaggo Batula, kan hanyar Barkiya. Yanzu saura ɗaya. Ba fari ne ya kashe biyun ba, ba kuma masu saran itace ba ne. Direbobi ne. Daidai gefen gonar akwai wani kwari da ke haɗiye mota duk damina, kuma tun da direbobi suka gano winci, ƙarfen nan mai igiyar waya da ake ja da hannu a fiddo mota daga taɓo, sai suka mai da itatuwanta turke. Su zagaya waya a gindi, su yi ta ja, wayar ta nutse cikin ɓawo kamar zare a sabulu. Ita kuwa ɗorawa, da zarar yankan ya zagayo ya haɗu, shi ke nan, sai ta bushe a tsaye.

Ta ukun ma an kusa gamawa da ita. Lafiyayyen ɓawon da ya rage mata bai wuce faɗin tafin hannu ba. Da ɗan wannan take raye, da kalwarta kuma Gwaggo ke yin daddawar da take riƙe kanta tun rasuwar mijinta, ba ta miƙa wa kowa hannu.

To, sai ga shi Mutawakkil, ɗan ƙanenta Ummaru, mai a-kori-kurar da ke jigila tsakanin Dutsin-Ma da ƙauyukan Kurfi, shi ma ya sayo nasa wincin. Dangi sun sha labarin har ya gundure su. Yadda ya ƙi ƙaramin da aka fara nuna masa don haƙoransa sirara ne. Yadda ya nace sai wanda zai ja ninkin nauyin motarsa da lodi. Yadda ya sa aka warware wayar kaf a gaban shago, ya bi ta da tsumma yana laluben silin da ya tsinke. Duk Juma'a sai ya goge mata yashi, ya ɗiga mai a haƙoran, ya naɗe ta layi-layi, ya sa a buhu. Matarsa Hafiza ta ce ita dai ba ta taɓa samun irin wannan tattalin ba. A wajen wani suna ne ya ba da labari yana dariya, wai mai shagon ya so ya haɗa masa da wani faffaɗan bel da ake naɗa wa itace don kada waya ta ji masa, shi kuwa ya ce a bar shi, itace ai ba mutum ba ne. Gwaggo na zaune ta ji. Maganar ta tsaya mata a rai.

Wata ranar Laraba bayan la'asar tana cire ciyawa a cikin gero, hadari na haɗuwa a gabas, ta ji kukan mota a kwarin, irin kukan da ta sani. Ta ajiye fartanya. Ko da ta fito bakin hanya, sai ta tarar motar Mutawakkil ce ta kafe har gindi, maƙare da buhunan taki, da fasinjoji biyu a tsaye suna kallon sama. Shi kuwa har ya sauke wincin, ya ɗauko ƙugiya ya nufo ɗorawa.

Ta riga shi. Ta zauna a gindin itacen, ta jingina bayanta daidai kan lafiyayyen ɓawon, ta miƙe ƙafafu.

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi aiki, ta amsa. Sannan ya roƙi ta ɗan matsa. Ta ce ba ta gaji da wurin ba. Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ya ce zai naɗa buhu kafin ya sa wayar. Ta ce wanda ya kashe ɗorawa ta biyun ma buhu ya naɗa. Ya nuna mata hadari, ya ce in ruwa ya sauko kwarin nan zai cika, kuma ta san a zamanin nan ba mai son magariba ta same shi a daji. Duk ta san gaskiya yake faɗi, ita ma tana tsoron abin da zai same shi, don yaron nan a bayanta ya girma. Amma ta san in ta matsa yau, ba za ta sake tsinkar kalwa ba.

“Gwaggo, mi kike so in yi? In bar mota don icce?”

“In dai nan za ka ɗaura, to ka haɗa da ni. Ga ni.”

Ɗaya daga cikin fasinjojin ya fara cewa a ɗauke tsohuwar mana a ajiye gefe. Mutawakkil ya juya ya yi masa wani kallo, mutumin ya haɗiye sauran maganar. Iska na ta kaɗa gero.

Ita ce ta tuna masa abin da shi da bakinsa ya taɓa faɗi a cikin dogon labarin wincin nasa: inda babu itace, rami ake haƙawa a binne safayar taya, a maƙala ƙugiya a jiki. Ya ce haka ne, amma bakin hanya duk taɓo ne, ba zai riƙe ba. Ƙasa mai ƙarfi sai cikin gonarta, ga gero ya kai ƙugu.

“Haƙa,” ta ce. “Gero ana shuka wani baɗi.”

Ya tsaya yana jin nauyi. Sai ta aiki fasinjan nan mai baki ya ɗauko mata fartanyarta, ta miƙa wa Mutawakkil ba tare da ta ɗaga bayanta daga itacen ba. Tana kallo ya sare geron da ta yi wa noma da hannunta, ya haƙa rami har gwiwa, suka binne tayar, suka tattake. Ya ja mariƙin wincin, ƙas, ƙas, wayar ta miƙe tana rawa, ƙasa ta ɗan ɗaga amma ta riƙe. Motar ta fito a hankali, taɓo na zuba daga cikinta, daidai lokacin da yayyafi ya fara.

Ya tone tayarsa, ya ja tamfol kan taki. Fuskarsa a murtuke take, amma ya zo ya ce ta shiga gaba ya kai ta gida, ruwan nan mai ƙarfi ne.

Har ta dafa ƙasa za ta tashi, sai ta jiyo wata motar daga nesa, tana tahowa ta wajen Dutsin-Ma, da jin nishinta ita ma da lodi.

“Ku tahi,” ta ce. “Ka gaida Ummaru.”

Ta ja mayafinta ta rufe kai, ta gyara zama, ta mai da bayanta jikin ɗorawar.