Langar Mushe Iliyasu

Sau uku Tsoho direba yana shiga ruwan da sanda yana fitowa, amsar dai ba ta sake ba.

"Mushe, mota ba ta ƙetare wagga ƙorama yau. Sai gobe."

Mushe Iliyasu ya dubi agogonsa, kamar ruwan zai ji kunya ya janye. Mushe lakabin girmamawa ne na 'yan boko. Shi kuwa enspekter ne mai duba makarantun firamare, wanda malamai daga Madawa har Keita ke jin ƙarar motarsa su ruga sharar allo. Shekara ashirin ba wanda ya ga haƙoransa sai mai tsire. A bayan motar akwai akwatin takardun jarrabawar sartifika, ta gama firamare, ta 1978, kuma gobe da ƙarfe takwas yara ɗari uku za su zauna a Buza. In akwatin bai isa ba, manya na Tawa za su nemi mai laifi, kuma ba a taɓa korar ƙorama daga aiki ba.

A ɗaya gaɓar, darektan wata makarantar Buza da ya zo tarye yana tsaye kusa da motar aro, yana ta ɗaga hannu.

'Yan cin kasuwa da ruwan ya tsare suka ce mutum ɗaya ne ya san mashigin da yashi ba ya cin ƙafa. Aka kirawo shi, wani dogo mai furfura, wando a naɗe. Ya ƙare wa Mushe kallo tun daga takalmi.

"Ɗangana, kai ne cikin wagga riga?"

Rabon da a kira shi da sunan nan tun rasuwar kakarsa. Dogon nan Ɗan'azumi ne, ɗan kawunsa na Karofan, taubashinsa, wanda ba dokar da ta hana shi faɗin abin da ya ga dama.

"Akwatin nan za ka ƙetarar. Aikin gwamnati ne."

"Kowa kyauta nike kai shi. Kai kam sai mun yi langa. Ran da anka ɗauke ka lakwal karatun boko kana tsaka da shan kashi. Ba mu ƙare ba."

Mushe ya yi barazanar kirawo jandarma su kama shi.

"Su ma ni ka ƙetarar da su," in ji Ɗan'azumi.

Hadari ya sake haɗowa daga gabas. Mushe ya dubi sama, ya dubi akwatin. Ya tuɓe kwat, ya cire takalmi da safa ya miƙa wa Tsoho, wanda ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi jariri. Sannan mai girma enspekter ya lanƙwasa ƙafa ta baya, ya kama babban yatsa, ya fara tsalle da ƙafa ɗaya.

Kafaɗa ɗaya Ɗan'azumi ya kai masa, sai ga shi zaune cikin laka.

"To, gwamnati ta faɗi," in ji wata tsohuwa mai fura.

Mutane suka waiwaya, suka tabbatar ba soja a kusa, sannan suka kece da dariya.

Mushe ya tashi, ya sake kama ƙafa. Kansa ya manta komai, amma gwiwarsa ba ta manta ba. Ya yi kamar zai bi hagu, Ɗan'azumi ya taho da ƙarfi, shi kuwa ya goce ya tokare shi ta dama. Dogon ya tafi gaba ɗaya, har hularsa ta faɗa ruwa. Sai Mushe ya ji wata ƙara mai kama da kukan jaki, ya duba bai ga jakin da ya buɗe baki ba. Shi ne ke dariya. Tsoho ya kau da kai, don bai san hukuncin ganin irin wannan ba.

Suka yi na uku, suka yi na huɗu. Laka ta rufe farar rigar har wuya.

"Ya isa, Ɗangana. Ruwa na ƙaruwa."

"Ɗaya dai."

"Takardun gwamnati fa?"

"Sun jira shekara guda. Kama ƙafa."

Bayan na biyar, Ɗan'azumi ya aza akwatin a ka ya shiga gaba. Mushe ya bi shi riƙe da bakin rigarsa, ruwa har ƙirji, yana haki, yana gardamar cewa na huɗun ma da hannu aka ture shi.

Darekta ya tarye su a ƙame, hannuwa a manne da cinya. Ya karɓi akwatin, ya dubi ƙafafun mai gidansa babu takalmi, ya nemi maganar da ba za ta ja masa canjin wurin aiki zuwa ƙauye ba. Ya ga komai daga inda yake tsaye, amma ya zaɓi bai gani ba.

"Sannu, Mushe. Ashe faɗuwa kunka yi?"

Mushe Iliyasu ya matse ruwan rigarsa, ya daure fuska yadda aka san shi.

"Sau biyu," ya ce. "Shi ukku."