Ɗigo-ɗigo a Fuskar Baba

Ni na fara huda gwangwani a gidanmu, wannan kam ko ƙanwata Auta ba za ta musa ba. Gwangwanin madara ne, na shafe cikinsa da baƙin fenti, na huda gefensa da bakin allura, na sa fim a ciki, ya zama kyamara. Auta tana zaune tana min dariya, wai na rasa aikin yi. Ba a jima ba ita ma ta huda nata. Abin haushi, in ta wanke fim ɗinta sai ya fito tas, nawa kuwa ɗigo-ɗigo ko'ina, kamar an barbaɗa masa gishiri.

Babanmu tsohon mai ɗaukar hoto ne. Ya rufe shago tun da hannunsa ya fara rawa, amma ɗakin wanke hotonsa yana nan a ƙarƙashin matakala, shi muke shiga. Da ya ga abin da muke yi, sai ya ce kowaccenmu ta ɗauke shi, wanda ya fi kyau a buga a rataye masa a saman gado. Auta ta ɗauki maganar wasa. Ni ban ɗauke ta wasa ba. Na yi aure, na haihu, furfura ta fara leƙo min, amma har yau Baba bai taɓa ɗaga aikina ya ce madalla ba.

Kyamarar gwangwani ba ta son gaggawa. Sai Baba ya zauna a bakin taga ba motsi, har ƙafarsa ta yi tsami, kafin haske ya gama shiga ta ɗan hujin. Da na wanke nawa ya bushe, Baba ya ɗaga shi sama, ya kara gilashinsa a ido.

"Ke, fuskata ce wannan ko rariya?"

Ya karɓi na Auta. Murmushi kawai ya yi, kuma wallahi gara ya ƙara zagina da wannan murmushin.

Na shiga neman inda matsalar take. Na ce ƙura ce, na goge cikin gwangwanin da tsumma mai laushi har fenti ya fara tashi. Na ce ruwa ne, na tace shi da farin ƙyalle. Na ce ruwan tsamin da ake tsayar da wanki da shi ya yi ƙarfi, na sirka shi. Na daina shafa hoda in zan shiga ɗakin, na sake wurin shanya. Duk fim ɗin da na ɗaga, ga su nan, ƙananan ɗigo zagaye-zagaye, wani a goshi, wani a kan hanci.

Baba kuwa ya fara gajiya. Ya ce bayansa ba na haya ba ne, zama ɗaya ya rage min.

Daga nan zuciyata ta koma kan Auta. Na fara kulle magungunan wanke fim ɗina a jakata. In ta yi min sannu da aiki sai in ji kamar habaici ne. Kishi nake, na sani, kuma sanin bai rage min komai ba.

Wata safiya na tare ta a ƙofar ɗakin.

"Faɗa min gaskiya, me kike zuba wa naki?"

"Haba Yaya, kwalba ɗaya fa muke ɗiba."

"To yau a gabana za ki wanke."

Ta ɗaga kafaɗa. Muka shiga, ta kashe wuta, ta sa fim a cikin 'yar robar wanki mai murfi, ta rufe, ta kunna wuta. Ta zuba magani. Sai ta ɗaga robar ta buga gindinta a kan tebur, ƙwas, ƙwas.

Na san wannan ƙarar. Ina yarinya, ni Baba yake zaunarwa a bakin ƙofar nan in hana kowa buɗewa, kuma duk sanda na ji ƙwas ƙwas daga ciki sai in ƙara danne ƙofar da bayana. Duk zatona ni yake yi wa kashedi.

"Wannan bugun na mene ne?"

"Kumfa mana. Tana manne wa fim, inda ta zauna magani ba ya taɓa wurin. In kin buga sai ta tashi." Ta dube ni. "Au, Baba bai gaya miki ba?"

Ina zai gaya min? Ni ƙofa na tsare. Ita da ta taso hannunsa ya fara rawa, sai ya ja ta ciki tana riƙe masa roba. Na juya na fita, don ba zan yi kuka a gabanta ba.

Washegari Baba ya yi min zaman ƙarshe, yana ta mita. Na shiga ɗakin ni kaɗai, na zuba magani, na buga robar nan a tebur har sai da tafin hannuna ya yi zafi. Fim ya fito tas. Har layukan da ke gefen idonsa ana gani.

Da ya bushe na kai masa da kaina. Auta tana gefe tana ninke kaya. Ya ɗaga shi wajen taga, ya kara gilashi, ya daɗe yana kallo. Ina tsaye, hannuna a baya, kamar 'yar makaranta.

"Madalla," ya ce. "Wannan za a rataye. Auta, Allah ya yi miki albarka."

"Baba, na Yaya ne fa."

Bai ko sauke gilashin daga idonsa ba.

"Daina rufa mata asiri. Na yayarki ai ko daga nesa ina gane shi, da ɗigo-ɗigonsa."