Igiyar gangar Mina

Birki ɗaya Tanko ya taka a hanyar Nu'aija, sai ga shi yana neman ya ci masa aiki. Direban bas ne, ɗan Zangon Kumasi da ke aiki a ƙasar Larabawa, kuma ranar samari da 'yan mata ya ɗauko daga filin jirgin Hamad. An ce masa makaɗan Koriya ne, amma da suka buɗe baki Turancin Amurka ya ji. Daga nan kansa ya fara ɗaurewa.

Da suka shiga otal cin abinci ya buɗe bayan mota zai sauke kaya. Wata jaka ta zuge, ga ganga warwatse: ice mai siririn ƙugu gefe guda, fatu biyu gefe guda, igiya a cukurkuɗe da ƙugiyoyi. Shi ke nan, birkin nan ne. Kafil ɗinsa kuwa, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, ba ya jin bayani, khalas kawai yake cewa, wato an gama.

Ya ƙura wa icen ido. Ashe kalangu ne, sai dai an ba shi abinci ya ƙoshi. Tanko ɗan makaɗi ne, tun yana yaro yake riƙe wa babansa tsirkiya. Ya zauna a inuwar bas ya hau haɗawa. Igiyar ta ƙi sakewa, wani tsohon ƙulli da ya yi baƙi ya riƙe ta tamau. Wane irin kalangu ne ba a matsa shi a hammata? Ya sa haƙori ya kwance ƙullin, ya sassauta, ya ɗaure irin na gida. Ya gwada cusa shi a hammata, hannunsa ma bai zagaye shi ba.

A haka mai gangar ta same shi, wata yarinya Mina. Tanko ya miƙe yana ta ba da haƙuri, ya kawo birki, ya kawo kafil.

"Ba ka fasa komai ba," in ji ta da Turanci. "Janggu sunanta. Ni na cire ƙugiyoyin saboda jirgi, haka muke tafiya da ita."

Tanko ya ji sanyi har ƙafa. Har ya fara dariya.

Ita kuwa tana bin igiyar da yatsa, ta kai ƙarshe, ta dawo, ta sake bi.

"Ina ƙullin da ke nan?"

"Ya matse da yawa. Na gyara."

"Kakana ne ya ɗaura shi a Los Angeles, ranar da ya ba ni gangar. Bara ya rasu."

Shugaban tawagar ya leƙo daga ƙofa yana tambaya ko lafiya. Tanko ya dubi Mina.

"Lafiya lau," in ji Mina. "Direba ne ya taimaka mini."

Ta rungumi gangar ta shige. Aikinsa na nan daram, amma Tanko ya rasa ko murna zai yi. Ya tsaya a rana yana ta taɓa haƙorinsa da harshe, zaren igiyar na maƙale a ciki.