Katangar Mai Bulo

Mai Bulo bai taɓa kallon ciyawa ya ga wani abu ba sai ƙazanta. Gidan da ya gada a bakin kogi yake, kuma tsakanin ɗakin mahaifiyarsa da ruwa akwai duhuwar jema da geza, da wasu tsofaffin bishiyoyin giyayya da saiwoyinsu suka riƙe gaɓar kogin kam. Kullum kukansa sauro da macizai. Amma ƙarya yake, abin da ke ci masa rai shi ne farin yashin da ke kwance ƙarƙashinsu, alhali shi daga uwa duniya tifa take kawo masa nasa.

Da rani ya kama sai ya sa aka sare bishiyoyin, aka banka wa ciyawar wuta, aka tumɓuke kututturai. Ya janyo injin bulonsa ya kafa a wurin, leburori suka shiga kwasar yashi da baro.

Inna ta leƙo ta taga tana tarin hayaƙi. "Kai ɗan nan, ubanka har ya koma ga Allah bai taɓa sa adda a wurin nan ba."

"Inna, Baba bai san sana'a ba ne, Allah ya jiƙansa. Yanzu ga iska, ga haske, me kuma kike so?"

Abin da take so ba ɓoyayye ba ne. Ɗakin nan mijinta ya gina da hannunsa, a ciki ta haifi 'ya'yanta kaf, kuma ta sha faɗa cewa ba ta fita daga cikinsa sai an ɗauke ta.

Ruwan farko da ya sauka ya gutsire gaɓar, na biyu ya ƙara. Kafin damina ta yi nisa bangon ɗakin Inna ya tsage, har tana hango kogi daga kan gadonta. Nan hankalin Mai Bulo ya tashi da gaske, don duk rashin kan gadonsa yana son uwarsa. Ya zauna ya yi dogon nazari, sannan ya fito da dabarar da har gobe yake alfahari da ita: zai ja katanga ya tare kogi.

To, katanga sai da bulo, bulo kuma sai da yashi. Ina yashin yake? Ga shi nan a gindin gaɓar. Haka ya yi ta rarake ƙasar da katangar za ta tsaya a kai yana buga bulon da zai ɗora mata. Da aka gama ya shafe ta da fenti, ya kira abokansa suka zo gani, yana bubbuga ta da tafin hannu yana cewa ciyawar banza ce za ta yi wannan aikin? Su ma suka gyaɗa kai, don shayinsa suke sha.

Ruwa bai ko tsaya jayayya da katangar ba, ta ƙarƙashinta ya bi. Wata safiya bayan an kwana ana tsuga ruwa, sai katangar ta kwanta gaba ɗayanta, fentinta ko ƙwarzane bai yi ba. Matarsa ce ta ruga ta ciccibo Inna, tsohuwa tana turjewa tana riƙe ƙyaure. Kafin azahar ɗakin ya bi katangar, da gadon da akwatin da komai.

Mai Bulo ya tsaya bakin ramin ya yi kuka sosai, har da majina. Yana cikin share ido sai ya lura da abin da ambaliyar ta jibge inda ɗakin yake: yashi wankakke, mai tsaki-tsaki, ko laka babu. Ya sauka ya dumbuza, ya murza a yatsunsa. Fuskarsa ta washe.

Ya hauro ya tsuguna gaban Inna, tana zaune kan jarka a tsakar gida, zaninta sharkaf.

"Inna, ki bar kuka. Zan gina miki wanda ya fi shi. Kin ga ma yashi har gida."

Ta kalli yashin da ke hannun nasa.

"Abu ɗaya nake roƙonka, ɗan nan," in ji ta. "Ranar da na mutu, ka sa a binne ni inda babu yashi."