Rufin Gidan Uchenna

Adaugo tana cikin ɗinka hannun wata farar riga ta ji adaidaita sahu ya tsaya a ƙofar shagonta da ke Sabon Gari. Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken ɗinkin. Ta san wanda ya zo, ta kuma san abin da ya kawo shi.

Tun kafin Ista mijinta Uchenna yake kwance a ɗakin ajiye gawa, ga shi damina har ta yi nisa. Danginsa sun ce ba za a kai shi Kudu a binne ba sai an rufe gidan da ya fara ginawa a ƙauye, kada 'yan jana'iza su yi musu dariya. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a ɗakin haya, wai sai da ya mutu bene ya zama masa dole! An sayar da babur ɗinsa, an sayar da firji. Keken ɗinkin nan kaɗai ya rage, kuma da shi take riƙe 'yarsu Somto a makaranta.

Samuel, yayan marigayin, ya shigo yana share gumi.

"Matarmu, kafinta na jiran kwanon rufi. Na samu mai sayen keken a shataletalen Bata."

"Yaya, don Allah ka bar mini shi. Mu binne shi a nan Kano mana. Nan aka yi masa baftisma, nan ya yi aure."

"A garin mutane? Kamar marar dangi?"

Haushi ya turnuƙe ta, ta miƙe, ta sake zama.

"Ranar da zai cika, ya riƙe hannuna ya ce kada in ji tsoro, Yesu ya riga ya shirya masa wuri. Yaya, wanda ya yi wannan alkawari bai ce mu zo da kwanon rufi ba."

Samuel ya sunkuyar da kai. Dattijon coci ne, ya san gaskiya ta faɗa, sai dai bakin 'yan ƙauye ya fi ba shi tsoro.

"Na ji. Amma mutanenmu abin da ido ya gani suke faɗa."

Ya ɗauki almakashinta ya datse zaren, ya zare rigar ya miƙa mata. Bai ma tambayi ko ta wane ne ba. Ta ƙanensa ce, wadda za a sa wa gawarsa. Ya sa aka ɗora keken a adaidaita sahun, suka tafi.

*

Da yamma Yakaka, mai sayar da turaren wuta a shagon da ke maƙwabtaka, ta leƙo. Mijinta ya rasu a mako ɗaya da Uchenna, an kai shi makwancinsa kafin la'asar, tuni har ta fita takaba. Ta dubi inda keken yake a da, ta tafa hannu.

"Maman Somto, wannan wace irin rayuwa ce? Mamaci bai huta ba, mai rai bai huta ba. Yaushe za a binne bawan Allah?"

"Sai an gama rufi, sannan fenti."

"To yarinyar fa?"

Tun rana Adaugo take kai da komo tsakanin ƙofa da benci, tana tunanin abin da za ta gaya wa Somto in ta dawo. Tsoro take ji ƙwarai, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ban sani ba, Hajiya. Abin da na sani, ranar da Ubangiji zai kira Uchenna, ko a firjin asibiti yake zai ji, zai kuma tashi. Wanda ba zai manta da gawa ba, ai ba zai manta da marainiya ba."

Yakaka ta yi ajiyar zuciya. "Allah ya kawo sauƙi."

Adaugo ta laluba gwangwanin maɓallai ta samo allurar hannu. Sau da yawa zaren yana kuskure kafar allurar, har Yakaka ta karɓa ta zura mata. Adaugo ta ja benci ta zauna daidai inda ƙafafun keken suka bar tabon tsatsa a siminti, ta shimfiɗa farar rigar a cinya, ta ci gaba daga inda Samuel ya datse.