Lambar Almustapha

Sama'ila ya bar aikin soja da ɗingishi a ƙafar hagu, ya koma ƙauyensu da ke yamma da Malumfashi, ya karɓi gonar da mahaifinsa ya bari. Masara yake nomawa da waken soya, sai 'yar auduga a gefe. Mutanen gari Saje suke kiransa. Ba ya son hirar fagen daga, amma in aka taɓo sunan Almustapha sai bakinsa ya buɗe.

Almustapha sojan Nijar ne, mutumin Tasawa. A bakin Tafkin Chadi suka haɗu, zamanin da sojojin ƙasashen biyu suke aiki a runduna guda, suna cin abinci a kwano ɗaya. Ranar da harsashi ya fasa wa Sama'ila gwiwa a cikin fadama, Almustapha ne ya goya shi, ya ratsa laka har ƙugu da shi, yana yi masa tsiya duk hanya cewa tuwon masara ya sa sojan Najeriya nauyi. Tun daga nan suka zama 'yan'uwa. Da Rakiya, matar Sama'ila, ta haihu, Almustapha ya zo suna da cuku da kilishi, ya yi kwanaki yana ba mutane dariya da Hausarsa mai gaurayen Faransanci.

Ana tsakiyar damina sojoji suka kifar da gwamnati a Yamai. Rediyo ya cika da labari: an rufe iyaka, an yanke wuta, ana shirin tura dakaru. A teburin mai shayi wani ya ce Faransa ce ke zuga mu, wani ya ce a'a, Rasha ce ke zuga su. Sama'ila ya shanye shayinsa ya tashi. Ƙanensa Awaisu yana cikin soja har lokacin, an ajiye su a bakin iyaka ta wajen Jibiya, rundunar Almustapha kuwa tana ɗaya ɓangaren, kusa da Maraɗi.

Yana cikin gona yana zuba taki Almustapha ya kira.

"Saje, ka ji abin da manya ke ƙullawa?"

"Na ji. Abinci ma ba ya wuce mini."

"Ka gaya wa Awaisu, in har ta kai ga haka, ni sama zan harba. Shi ma ya san inda zai sa bakin bindigarsa."

Ya yi dariya, amma Sama'ila ya san dariyar abokinsa, wannan ba ita ba ce.

Allah ya kiyaye, ba a yi yaƙin ba. Sai dai zumunci ya riga ya tsinke. Sojojin Faransa suka kwashe kayansu suka tafi, na Amurka suka bi baya, wasu Turawan daban suka sauka. Wata rana Almustapha ya warware masa abin da hakan ke nufi a daji.

"A da, in baburan 'yan bindiga suka taso, jirgin nan marar matuƙi yakan hango su, a gaya mana, mu kuma mu kira sojojinku. Yanzu masu jirgin sun tafi. Waɗanda suka zo fuskarsu a rufe take, ba sa magana da irinmu. Mu da naku kuma ko gaisuwa ba ma yi. Jiya da idona na ga babura sun ratsa sun yi kudu, da kaya a lulluɓe, ban da wanda zan gaya wa."

"To ai ga ni," in ji Sama'ila.

Haka abin ya fara. In Almustapha ya ga motsi sai ya ɓuya bayan mota ya kira Saje. Saje ya kira Awaisu, Awaisu ya gaya wa ogansa cewa daga bakin manoma ya ji. Shi kuma Sama'ila sai ya je wurin mai unguwa ya ce a dakata da zuwa gonakin nesa kwana biyun nan, domin duk abin da ya shiga dajin Rugu ƙarshensa nan zai ɓullo. Ba sau ɗaya ba maganarsa ta tabbata, aka ji an faɗa wa wani ƙauye, su kuwa suna gida.

Maƙwabcinsa na gona wani tsohon Bamaguje ne, Labo, mai yawan barkwanci. Yakan jingina da fartanya ya ce, "Saje, ni da nake yanka wa iskoki kaza ba sa gaya mini komai, kai da kake salla su suke kawo maka labari. Wane ne naka a cikinsu?"

"Nawa yana Nijar, Baba Labo, yana shan shayi."

Bayan shekara aka ɗauke Almustapha daga bakin iyaka, aka tura shi yamma, wajen Tillaberi, inda wuta ta fi ruruwa. Ya ce, "Daga can ba na ganin hanyarku, Saje. Ku kula da kanku." Kira ya riƙa jinkiri, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya. In Sama'ila ya nema sai wata mace ta yi masa magana da Faransanci, layin ya yanke.

Masara ta fara bushewa lokacin da wayar ta yi ƙara, rana tsaka, yana tsaye a kan kunya. Ya duba ya ga sunan Almustapha. Don ɗoki har wayar ta kusa suɓuce masa.

"Ɗan'uwa, ina ka shige?"

Babu amsa, sai iska da rurin babur can nesa. Sannan wata murya ta saurayi ta yi magana da gurɓatacciyar Hausa.

"Kai ne Saje?"

"Ni ne. Ina mai wayar?"

"Mai waya ya kwanta."

Aka yi dariya a gefe, da wani yare da bai sani ba, aka kashe. Sama'ila ya zauna a kan kunyar. Har la'asar ta yi bai tashi ba, sai da Labo ya zo ya taɓa kafaɗarsa. Washegari Barakatu, matar Almustapha, ta tabbatar masa: an faɗa wa sansaninsu, an binne su can gaba ɗaya, ko hularsa ba a kawo gida ba.

Lambar ba ta daina kira ba. Sai a yi mako shiru, sai kuma sunan ya fito, yana alwala ko yana cin abinci. In ya ɗauka ba a magana, iska kawai yake ji, wani lokaci kukan awaki, wani lokaci numfashin mutum. Ya san waɗanda suka kashe Almustapha ne ke riƙe da wayar, ya san wasa suke yi da shi. Duk da haka kowane kira sai zuciyarsa ta fara yarda kafin hankalinsa ya ƙaryata.

Rakiya ta ce, "Malam, don Allah ka goge lambar nan. Kana ramewa."

"Sunansa ne fa, Rakiya. Da wane hannu zan goge?"

Ranar da 'yan bindiga suka zo ƙauyen babu wanda ya san da zuwansu. Hantsi ne, ana karyar masara, mata da maza duk suna gona. Sama'ila ya fara jin baburan, sannan harbin. Kunnensa ya gane shi nan take. Ba irin bindigogin da ɓarayin shanu suka saba riƙewa ba ne, manya ne, irin waɗanda rabonsa da jin su tun bakin tafki. Ya yi ihu ya ce kowa ya gudu, ya ja ƙafarsa ya faɗa cikin kwari, ya kwanta a laka yana ji suna wucewa ta samansa. Da ƙura ta lafa ya fito ya tarar da Labo kwance a bakin gonarsa babu rai, buhun da yake ɗurawa na gefensa. An tafi da surukar Labo da wasu mata.

A wurin makoki babu wanda ya zarge shi. Isah, babban ɗan Labo, shi ne kawai ya matso ya ce a hankali, "Saje, wannan karon ba a gaya maka ba ne?"

Yaya Sama'ila zai yi wa maraya bayanin cewa wasu mutane sun zauna a birane masu nisa sun raba gari, shi ya sa babu wanda ya ce wa ubansa ya zauna gida? Ya ce, "Mai gaya mini ya riga babanka tafiya."

Ƙauyen ya watse. Sama'ila ya kwashe iyalinsa zuwa cikin Malumfashi, ya samu gadi a wani siton hatsi. Matan da aka ɗauke sun dawo bayan watanni, ba sa son magana. Awaisu yana nan a bakin iyaka, ya ce wani lokaci yakan hango sojojin Nijar a ƙetare, kowa ya kau da kai.

Da hanya ta samu, Sama'ila ya je Tasawa gaisuwa. Mahaifiyar Almustapha tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Ta riƙe hannunsa ta daɗe tana shafawa.

"Ɗana, kai da ka yi soja, gaya mini. Sun ce Turawan farko ne suka cuce mu, aka kore su. Sun ce waɗannan za su tsare mu. To ranar nan wa ke tare da shi?"

"Allah, Inna," in ji shi.

A hanyar komowa, daga tagar mota, ya riƙa ganin gonaki da masarar bara tsaye a bushe, ba wanda ya je karya, birai sun ci sun bar saura. Wayar ba ta sake kira ba tun kafin tafiyar. Shirun ya fi kiran damunsa. Yakan farga ya ga ya fito da ita yana kallo, Rakiya kuwa ta daina yi masa magana a kai.

Ruwan farko ya sauka wata Laraba. Da asuba Isah ya yi sallama a ƙofar gida, da iri a ƙulle a leda.

"Saje, za mu zauna ne yunwa ta ƙarasa mu?"

Suka hau babur suka tafi. Ƙauyen ba kowa, ƙofofi a buɗe, ciyawa ta fara tsirowa a tsakar gidaje. Isah yana sara, Sama'ila yana bi da ɗingishi yana zuba iri yana rufewa da ƙafa, kowannensu kunnensa na wajen daji. Suka shuka iyakar inda ake hangowa daga titi. Da suka kai kunyar da ta haɗa gonakin biyu, inda aka tsinci Labo, Isah ya tsaya ya saɓa sungumi. Sauran gonar suka bar ta haka nan, suka juyo tun rana ba ta yi zafi ba.